Sayen Tsohuwar Bas da Wani Ya Fara Gyarawa Ya Bari: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Duk mai neman tsohuwar ƙaramar bas, irin su Volkswagen Type 2, Ford Transit na farko da ya fito a 1965, ko Citroën H mai jiki kamar kwanon rufi, zai ci karo da wadda mai ita ya wargaza, ya yi wani ɓangare na aiki, sannan kuɗi ko lokaci ko sha'awa suka yanke masa. Za ka same ta a rumfa, jiki ya sha fentin farko mai ruwan toka, babu gilasai, injin na gefe a kan tsohuwar taya, sauran kaya a kwalaye. Mai ita zai ce maka an gama mai wuyar, haɗawa kawai ta rage. Wani lokacin gaskiyarsa ke nan. Sai dai kai mai saye ba ka ga lokacin da aka yi aikin ba, kuma fenti ya riga ya rufe shi.

Abu uku kake saya a irin wannan ciniki: takardu, aikin hannun wani da ke ƙarƙashin fenti, da kwalayen da ba ka san abin da ya ɓata daga cikinsu ba. Ƙa'idar da muke ba da shawarar a riƙe ita ce, duk aikin da ba a iya nuna maka shi da ido, ko da hoton lokacin da ake yinsa, ko da rasit, to ka lissafa shi kamar ba a yi ba. Da wannan ma'auni za ka duba motar, da shi kuma za ka yi tayi.

Takardu da lambar shasi

Kafin ka durƙusa ƙarƙashin mota, karɓi takardu ka nemo lambar shasi a jikinta, ka gwada harafi da harafi. Lamba mai harufa da alƙaluma 17 da aka saba gani yanzu ta zama ƙa'ida ne daga 1981, saboda haka tsofaffin motoci suna da gajeriyar lamba, kowane kamfani da tsarinsa. A motar da aka fara gyarawa, wannan dubawa ta fi muhimmanci, domin sau da yawa ana cire farantin lamba kafin wanke ƙarfe ko fenti, a ajiye shi a wani kwali, ya ɓata. Akwai kuma inda mai walda yake yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya jefar, alhali a kansa aka buga lambar. Motar da ba ta da lamba a jiki, ko lambarta ta saɓa da takarda, ka bar ta komai kyanta, don za ka iya kashe shekaru a kanta a ƙarshe a hana ta rajista.

Lambar tana kuma gaya maka ainihin shekarar ƙira, wadda a kanta za ka sayi kayan gyara. A Volkswagen na ƙarshen shekarun 1960 da na 1970, alƙalami na uku shi ne alƙalamin ƙarshe na shekarar ƙira, kuma shekarar kamfanin tana farawa ne a watan Agusta. Bambancin shekara ɗaya yana da tasiri sosai: lantarki ya koma bolt 12 daga 6 a ƙirar 1967, birkin gaba ya koma na faifai a ƙirar 1971, kuma a lokacin ne tazarar kusoshin wili ta sauya daga 5x205 zuwa 5x112, wato kusoshi biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 205 ko 112. Idan mai aikin farko ya tara kaya daga shekaru daban-daban, wasunsu ba za su hau motarka ba.

Tabbatar sunan da ke takarda na mai sayarwa ne. In motar tana garejin wani makanike ko mai walda, tambaye shi kai tsaye ko akwai kuɗin aiki ko na ajiya da yake bi, kafin ka biya mai ita. Sannan ka san dokar ƙasar da za ka yi rajista game da motocin tarihi. A Jamus sai mota ta kai shekara 30 kuma tana kusa da asalin ƙirarta, a Birtaniya shekara 40, kuma manyan sauye-sauye kamar sa injin wata mota na iya hana ta wasu sauƙaƙe-sauƙaƙen da ake yi wa tsofaffin motoci.

Ƙarfe, inda mafi yawan kuɗi ke tafiya

Injin tsohuwar bas abu ne da za a sauke a gyara a kan tebur. Jiki kuwa shi ne motar kanta, kuma shi ne yake cin lokaci da kuɗi fiye da komai. Ka je da rana, motar a bushe, kuma ka nemi a turo ta fili. Riƙe tocila mai haske, ƙaramin maganaɗisu mara ƙarfi da aka naɗe da kyalle, sukudireba, ƙaramar guduma, tef ɗin awo, doguwar rula ta ƙarfe, da jak tare da ƙafafun tallafi. In za ka iya aron na'urar auna kaurin fenti da ƙaramar kyamara mai dogon wuya da ake haɗawa da waya, sun cancanci wahalar nema.

Tsatsa a bas tana bin hanyar ruwa. Fara daga sama: kwatar da ta zagaye rufi, ƙasan gilashin gaba inda roba ke riƙe danshi, da kusurwar kowace taga. Sauko zuwa gindin ginshiƙan ƙofa, matakalar shiga gaba, bakan tayoyi, layin dogon da ƙofa mai zamewa take gudu a kai, kusurwoyin baya, da mazaunin batir, wanda ruwan batir yake cinyewa. Sai ka shiga ƙarƙashi, inda hukunci yake. Duba manyan ƙarafan shasi biyu, haƙarƙarin da suka fita daga gare su zuwa gefe suna tallafe da daɓe, mazaunin jak, da dogon akwatin ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi, wanda yake da bango na waje da na ciki, a wasu motocin har da na tsakiya. Ƙwanƙwasa da guduma a hankali. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa yana yin dum, kuma za ka ji ɓarɓashi na zuba a ciki. A Volkswagen ka duba gatarin gaba da kyau, musamman hasumiyoyin da shokozoba ke kamawa da ƙasan farantan gefe, domin daga ciki yake ruɓewa. A baya, ka duba inda bututun sifirin ya haɗu da shasi. Ruɓa a nan babban aiki ce.

Rufa-rufar da aka fi yi ita ce ɗora sabon ƙarfe a kan tsoho ba tare da an yanke ruɓar ba. Daga waje za ka ga sabon bango mai sheƙi, a bayansa kuwa na ciki ya zama gari, kuma danshi ya samu mafaka tsakanin biyun. Ana gane wannan ta leƙawa da kyamara ta ramin magudanar ruwa, ko ta kallon gefen haɗin: in ka ga leɓe uku ko huɗu inda kamfani ya yi biyu, an yi ɗori ke nan.

Koyi karanta walda. A bangon waje, faci mai kyau ana yanka shi daidai da ramin, a haɗa baki da baki, a bi da ɗigo-ɗigon walda ana tsallakewa don kada zafi ya lanƙwasa ƙarfen, har layin ya cike. Ta baya za ka ga alamar zafi ta ratsa, wato waldar ta kama. In ta baya babu wata alama, waldar ta zauna ne a sama kawai, kuma da aka gurje ta don ta yi sumul an kusa cire ta gaba ɗaya. Inda kamfani ya yi waldar ɗigo, mai gyara yakan huda ramuka masu faɗin milimita 6 zuwa 8, a tazarar kusan santimita 3 zuwa 4, ya cike su. In ka ga ɗigo huɗu kacal a tsawon hannu guda, ko ribit, ko gam, a wurin da ke ɗaukar nauyi, sai an sake aikin. Kauri ma abin dubawa ne. Bangon waje yana tsakanin milimita 0.8 da 1, ƙarafan da ke ɗaukar nauyi kuwa daga 1.5 zuwa 2 ko fiye. Facin shasi da siririn ƙarfen bango ha'inci ne da ke iya kashe mutum.

Sai bodi-fila. Ba laifi ba ne a shafa shi siriri don daidaita wuri, milimita 2 zuwa 3. Laifin shi ne a cike rami ko lotsawa da shi. Bi gefen motar da maganaɗisu, inda ya saki ka sa alama. Na'urar awo ta fi bayani: fentin kamfani yakan tsaya tsakanin maikuron 100 da 200 (maikuron 1000 ne milimita ɗaya), sake fenti yakan kai 300 zuwa 400, abin da ya haura 1000 kuwa fila ne. Gefen bas dogo ne kuma shimfiɗaɗɗe, don haka duk wata igiyar ruwa da zafin walda ya jawo za ta fito fili da zarar an fesa fenti mai sheƙi. Ɗora rula a kwance, ka haska tocila daga gefe, ka ga ko haske na wucewa.

Akwai matsalar da fila ba ya magancewa, wato jikin da ya karkace. Bas akwati ce mai manyan ƙofofi. In aka yanke ƙasan ƙofofi da haƙarƙari lokaci guda ba tare da an fara walda ƙarafan tokara a cikin ramukan ƙofa ba, jiki yana sakkowa, sai a walda sabon ƙarfe a kan wannan karkacewar. Shi ya sa dole ka nemi a rataya ƙofofi a gabanka, ko da kusoshi biyu-biyu ne. Tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki ta zama iri ɗaya daga sama har ƙasa, kusan milimita 4 zuwa 5, layukan jiki su haɗu, ƙofa mai zamewa ta rufu ba tare da an ɗaga ta ba. Auna ramin ƙofar baya daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu, sannan ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya, hagu da dama. In an taɓa gefen gilashin gaba, a gwada ɗora gilashin. Ramin da ya ƙanƙance da milimita kaɗan yana fasa gilashi ranar sawa, wanda ya faɗaɗa kuma ba zai daina yoyo ba.

Tambayi wane irin fentin farko aka fesa, da yaushe. Na epoxy yana toshe danshi, yana iya jira. Irin na cikawa da ake gogewa da samfefa yana shan ruwa kamar soso, kuma fila ma haka. Motar da ta shekara biyu ko uku a rumfa mai danshi da irin wannan fenti, tsatsa ta riga ta fara a ƙarƙashinsa ko da ba ka gani, sai an kankare zuwa ƙarfe. Sabon baƙin kwalta mai kauri a ƙarƙashin motar da ba a gama ba, shi ma ka nemi izinin kankare wuri biyu ko uku. A ganinmu, bas ɗin da take tsirara, waldarta duka a fili, ta fi wadda aka lulluɓe da fenti daraja a wurin mai saye, ko da ba ta kai ta kyan gani ba. Mai aikin kirki yawanci yana da ɗaruruwan hotuna, kuma yana jin daɗin nuna su.

Kwalaye

Nan ne masu saye suka fi yin lissafin dokin rano. Motar da ke a haɗe, komai lalacewarta, tana nuna maka inda kowane abu yake zama. Wadda wani ya wargaza ta tafi da wannan ilimi a kansa. Samu littafin kayan gyara na ƙirar, mai zane-zane, ka buga shafukansa, ka nemi a baje komai a ƙasa, kana yi wa kowane abu alama. Ware rabin yini, kada ka yarda da "duk suna ciki".

Manyan abubuwa ba su cika ɓata ba. Ƙananan ne ke ɓata: makullai da marikan ƙofa, boris da hannayen ƙofa mai zamewa, injin ɗaga gilashi, firam ɗin ƙananan tagogi, ƙafafun kujeru, agogunan gaba, maɓallai, injin waifa da sandunansa, kwanukan da ke kewaye injin, da kusoshi na musamman. Sauƙin maye gurbinsu ya danganta da motar. Type 2, wadda aka fara ƙerawa a 1950 kuma aka ci gaba da yi a Brazil har 2013, ana ƙera mata sabon kusan komai, haka Citroën H, da aka yi daga 1947 zuwa 1981, tana da masu ƙera mata kaya. Ga irin su Bedford CF, Renault Estafette ko Toyota Hiace na farko, gilashi ɗaya ko fitilar baya ɗaya na iya tsayar da aiki wata da watanni. A irin waɗannan, gilasai da kayan ado na jiki su ne farkon abin ƙirgawa.

Sababbin kayan da aka saya aka ajiye ma a duba su. Robobin gilashi da na ƙofa suna bushewa a leda, kuma bangon ƙarfe na araha sau da yawa ba ya hawa sai an yanka an ƙara. Ka nemi tsofaffin kayan da aka cire, ko da sun lalace, domin da su za ka gwada sababbi.

Injin da aka ce an sake shi

Kalmar "an sake injin" tana iya nufin an wasa karanshaf, an sa sababbin metal, fistan, ringi da bawul, tana kuma iya nufin an wanke an fesa fenti. Rasit ɗin mai injin wasa ƙarfe, mai nuna awon da aka yi, shi ne shaida. In babu, ka saye shi a matsayin tsohon injin da ke jiran buɗewa.

Sa sifana a notin fuli ka juya da hannu zagaye biyu cikakku. Ya juya sumul, kana jin turjiyar matsi a kowace silinda. In ya cije, kada ka tilasta, mai yiwuwa ringi sun kama da tsatsa. A injin Volkswagen mai sanyaya da iska, kama fulin ka ja gaba da baya: motsin da aka yarda da shi milimita 0.07 zuwa 0.13 ne, iyakarsa 0.15, abin da da ƙyar hannu ke ji. In ka ji ƙwas-ƙwas kuma ido na ganin motsi, mazaunin metal a cikin kaskon injin ya ci. Duba kuma ko kwanukan iska da robar da ta zagaye injin sun cika, domin rashin ɗaya daga cikinsu yana mayar da iska mai zafi cikin fanka, kuma silinda ta uku ce ta fi ƙonewa a ƙirar da ta gabaci 1971, saboda na'urar sanyaya mai tana tare mata iska. A T3, wato ƙirar bas ɗin Volkswagen ta uku, mai injin fetur mai sanyaya da ruwa, wanda ya fara daga ƙirar 1983, nemi alamar yoyo a gindin tofsilinda, don kusoshinta suna ruɓewa in an yi sakaci da ruwan lagireto.

In injin yana tashi, auna matsin silinda da zafinsa, filogi duka a cire, totur a buɗe. Bambanci tsakanin silinda kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Wadda ta yi ƙasa, zuba mata cokalin baƙin mai ka sake aunawa. In lamba ta hau, ringi ne, in ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Injin da aka haɗa aka ajiye shekaru ba a taɓa tayarwa ba, kada a tayar da shi don a burge ka. Man da aka shafa lokacin haɗawa ya tsiyaye, sai an zuba sabon mai, an juya da kik ba filogi har fitilar mai ta mutu, sannan tashin farko a riƙe shi kusan minti 20 a juyi 2000 zuwa 2500 a minti ɗaya don kamshaf ya zauna.

Giyabos ba ya gwaduwa a tsaye. Abin da za ka iya shi ne shiga kowace giya da hannu, da kwance kusar zubar da mai ka ga yawan garin ƙarfen da ya taru.

Abubuwan da za ka sake ko da an ce sababbi ne

Birki, tiyon fetur da taya suna tsufa a zaune. Man birki na DOT 3 da DOT 4 yana jan danshi, ya sa silindojin birki tsatsa daga ciki, don haka ka sa kuɗin sabon masta, silindojin wili da tiyoyin roba a lissafi. Tambayi ko an zuba DOT 5 na silikon, domin ba a gauraya shi da sauran. Tiyon fetur na da ba ya jure fetur mai ethanol, yana tsagewa, kuma a bas mai injin a baya fetur yana ɗiga ne kan injin mai zafi, direba na gaba bai sani ba. Sa tiyo mai lambar SAE J30 R9, faɗin ciki daidai, wanda a Volkswagen mai kafireto milimita 5.5 ne. Tanki a sauke a leƙa. A gefen taya akwai alƙaluma huɗu na mako da shekara, misali 2314 na nufin mako na 23 a 2014. Mai alƙaluma uku ta girmi shekarar 2000. Wayoyin da aka yanka aka ɗaɗɗaure, ba lakabi, sun fi sauƙi a cire su a sa sabon dami cikakke.

Lissafi, ɗauko mota da makon farko

Rubuta aikin da ya rage kashi-kashi, walda, fenti, injin, birki, lantarki, gilasai da robobi, cikin mota, ka nemi farashin kowanne daga wanda zai yi shi. Ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin uku don abin da zai ɓullo, sannan ka gwada jimillar da farashin irin motar da take tafiya a kan titi. Kuɗin da mai ita ya kashe ba shi ne darajarta ba. Tambaye shi kuma dalilin tsayawa da wurin da ya tsaya, ka duba wurin da kyau, domin mutane da yawa suna ajiye aiki ne daidai inda suka gano abin da ya fi ƙarfinsu.

Type 2 tana da tsawon kusan mita 4.5 da tsayin kusan mita 2, kuma kana buƙatar sararin mita ɗaya a kowane gefe, da wani wurin kaya mai girman motar kanta. A ɗauko ta a kan motar ɗaukar mota, kada a ja ta da igiya ba birki, kuma a duba cewa kusoshin gatari da na sitiyari a ɗaure suke, don sau da yawa da hannu kawai aka murɗa su. Kwashe komai rana ɗaya. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi, lambar injin da jerin manyan kaya.

Da ta iso, kada ka fara da fenti. Ɗauki hoton komai, raba kaya a leda da lakabi, sannan ka kankare wurare biyar ko shida na aikin da aka yi, har da mafi muni da ka gani, don ka san ko za ka ɗora a kai ko za ka warware. Sa abin rufe hanci mai kyau, domin tsofaffin lainin birki, kuloci da gasket na iya ƙunsar asbestos, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, tsohon fenti kuma dalma. Bayan walda ta kammala, haɗa ƙofofi, gilasai, bamba da fitilu gaba ɗaya a kan ƙarfe tsirara, ka gyara duk abin da bai zauna ba, ka sake kwancewa, sannan a fesa epoxy. Kakin hana tsatsa kuma a fesa shi cikin duk rufaffun ƙarafa bayan fenti ya bushe, a tabbatar ramukan magudanar ruwa a buɗe suke.